Makewayin Bakin Zaure

Shekarar da gwamnatin tarayya ta taso da maganar tsafta gadan-gadan, a rediyo na fara jin ta, don ni ba mai fita ba ce. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, rediyon na kan turmi, ana ta nanata a daina bahaya a fili, kowane gida ya yi makewayi mai murfi, a share lunguna, a kwashe kwatoci. Na ce a raina mu dai muna da namu can bayan ɗakin Inna, wannan magana ta mutanen ƙauye ce. Ashe duk unguwarmu ni za ta fi taɓawa.

Inna mahaifiyata ce. Mu biyu ne 'ya'yanta da suka rayu, ni da ƙanwata, babu namiji. Da Baffa mahaifinmu ya rasu a Malisa, maigidana da kansa ya ce a ɗauko ta ta dawo Gwandu wurinmu. Ba kowane namiji ke yin haka ba, Allah ya saka masa. Aka ba ta ɗakin ƙuryar gida, nesa da turakarsa, don ko gaisawa za su yi sai ta juya fuska bango ta ja mayafi, shi kuma ya durƙusa daga bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Haka suka yi shekara da shekaru, ban taɓa ganin sun haɗa ido ba.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. In tana son abu sai ta ce wa jikokinta, "Ku ce ma uwarku a miƙo ruwa," ina tsaye a gabanta. Ita kuwa ƙanwata, autar, sunanta har da ƙari ake kiransa. Tana aure a Kalgo. In ta bugo waya, sai in ji Inna na dariya irin wadda ban taɓa samu ba ko sau ɗaya, har da tafa cinya. Nakan tsaya bakin murhu in kasa kunne, in ce ba komai. Ita murya kawai gare ta. Ni ke dama furar Inna, ni ke yanke mata farce, ni ke shafa mata man shanu a gwiwa in sanyi ya kama. Duk wanda ke son ganin tsohuwar nan, gidana zai yi sallama.

Sai ga mai shela ya zaga da lasifika, bayansa ga duba-gari. Maza ne dukansu. Gidanmu kuwa ba a shiga. Aka yi ta jan magana a zaure, daga ƙarshe maigida ya leƙo ya ce mu shige ɗaki, ya shigo da dattijon cikinsu shi kaɗai. Ta labule na ga mutumin ya tsaya kan tsohon ramin namu, ya dubi rijiya, ya sake duban ramin, ya girgiza kai. Ya ce sun yi kusa da juna, kuma ba murfi, a cike shi. In faɗi gaskiya, bai yi ƙarya ba. Bakin tsohuwar tukunya ne aka kifa, da damina ƙuda har kan kwanonin abinci, kuma shekarar da ta wuce amai da gudawa ya kusa tafiya da ƙaramar 'yata. Da zai fita ya ce za su riƙa dawowa akai-akai suna dubawa.

Wannan dawowar ce ta tsaya wa mazan layinmu a rai. Wa zai yarda kowane wata baƙon namiji ya ratsa masa gida har ƙurya? Suka zauna suka yi shawara, suka samo dabara. A gina sabon makewayin a ɗan filin nan da ke bayan zaure, kafin a kai katangar mata. In duba-gari ya zo, ya zuro kai daga zaure ya gani, ya yi gaba. Kowa ya ce wannan hikima ce. Ni ma na ce hikima ce.

Namu ya fi na kowa kyau a layin. Bulo da siminti, rufin kwano, bututun iska a sama, ƙofar ƙarfe shuɗiya mai sakata. Ranar da aka gama har maƙwabta suka shigo kallo. Aka zuba ƙasa da toka a tsohon ramin aka daddaɓe. Ban iya haƙuri ba, na kira Kalgo.

"Ke, kin ji an yi muna irin na asibiti? Har da ƙyauren ƙarhe."

"Ma sha Allah, Yaya. Ina anka yi shi?"

"Bakin zaure, inda kowa ka gani."

Ba ta ƙara yabawa ba. Na ɗauka baƙin ciki ne ya kama ta, har na ji daɗi. Sai ta ce, "Ba ni Inna."

Maigidana tela ne, kuma a zauren nan kekensa yake. Tun hantsi yake zama, fuskarsa na kallon cikin gida saboda haske, sai magariba ta tashe shi. Kuma ba shi kaɗai ba. Akwai masu jiran ɗinki, akwai waɗanda ba su da ɗinki ba su da aiki, sai gardamar siyasa da farashin taki. Ƙofar ƙarfen nan kuwa Allah ya yi mata murya. In ka taɓa ta sai ta yi ƙiii, har mai shayi na tsallaken titi ya san an shiga. Mu dai muka saba. Nakan zura hijabi in wuce kaina a ƙasa, yara kuwa ko a jikinsu.

Abin da na fara lura da shi fura ce. Inna mai son fura ce, in na dama mata da nono mai kauri na matan rugar da ke kawo mana, takan shanye ta kaɗa ludayi a ƙwarya. Sai na fara ɗauke ƙwaryar da rabi. Daga baya kurɓa biyu ta rufe da faifai. Na sauya mai nono. Na ƙara kayan yaji, na rage. Na ce, "Inna, ko ta yi tsami?" Ta dubi jikarta ta ce, "Ki ce mata na ƙoshi." Tuwon dare ma ta koma tsakura. Ruwa kuwa, a zafin nan na bazara da ko kaza ke buɗe baki, sai ta jiƙa leɓe kawai. Raina ya ɓaci. Na ce shekarun nan duka hannuna take ci, yau hannun nawa ya gundure ta? Har na zargi ƙanwata, na ce ita ke zuga ta a waya.

Wani abu kuma da kunnena ya ɗauka, amma kaina bai ɗauka ba. Da an ta da iƙama a masallacin layi, keke ya yi shiru, maza sun watse, sai in ji takalmin Inna, shaf, shaf, shaf, da sauri irin wanda gwiwarta ba ta yarda da shi. Kafin liman ya sallame ta dawo tana haki. Ran nan limamin ya yi gajerun surori, na ji ta juyo daga tsakiyar hanya ta koma ɗaki. Na ji duk wannan da kunnena, na ci gaba da tankaɗe.

Ana haka, sai ga ƙanwata ta iso Gwandu ba sanarwa, da ƙullin shinkafar fadama da busasshen kifi. Ta shige ɗakin Inna suka ja labule. Na kai ruwa, suka yi shiru har na fita. Na kai abinci, suka sake yin shiru. Da ta fito sai ta zauna kusa da ni tana taya ni gyaran zogale, tana wani sanyaya murya.

"Yaya, aron Inna na zo yi. Kwana kaɗan. Yaye za ni yi, yaron nan ba ya jin kowa sai kaka."

"Yaron da bai taɓa kwana da ita ba?"

"To ai shi ya sa. Su saba."

Na duba ɗakin, na ga Inna har ta ɗaure kayanta. Tsohuwar da sai an yi mako ana lallashi kafin ta je biki bayan layi. Na raka su tasha ina ta surutu, ina faɗa wa ƙanwata yadda ake shafa man gwiwa, da irin tuwon da ba ya kwanta mata. Ta ce, "Yaya, ni ma ita ta haife ni fa." Na ce, "Na sani, ai ina wurin."

Kwana kaɗan ya zama wata. Damina ta sauka, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, ba Inna ba labarin dawowa. Matan unguwa suka fara tambaya. "Wai tsohuwa lafiya? Ko an yi faɗa?" Wata ma cewa ta yi, "Ai uwa gidan auta take jin daɗi, kowa ya san haka." Na yi dariya tare da su, na shiga ɗaki na rasa abin da na shigo ɗauka. In na kira waya, ƙanwata ce ke ɗauka, tana ba ni labari kamar ita ta ƙirƙiro uwar. Inna ta ci kaza. Inna ta yi ƙiba. Inna ta ce a gaishe ki. Ni yau ake aiko wa gaisuwar Inna!

Ranar da ta ce min Inna ta shanye fura ƙwarya guda har ta nemi ƙari, ban iya zama ba. Na san furar ƙanwata. Tsululu ce, gari a ƙasa ruwa a sama, tun tana yarinya haka take yi. Na roƙi maigida, washegari na hau mota zuwa Birnin Kebbi, na sake wata zuwa Kalgo.

Na tarar da Inna zaune a inuwa kan tabarma, kumatunta sun ciko, tana tsefe wa jikarta kai. Ta amsa gaisuwata tana kallon kan yarinyar, kamar kullum. Gidan ƙanwata bai kai nawa ba ta kowace fuska. Ginin ƙasa ne, awaki na yawo har bakin murhu. Na zauna ina ƙare wa komai kallo, ina neman abin da aka fi ni da shi. Can sai na ga Inna ta miƙe a natse, ta ɗauki butarta, ta zaga bayan ɗakin da aka ba ta. Da rana tsaka, mijin ƙanwata na ƙofar gida yana gyaran komarsa ta kamun kifi, ba wanda ya ɗaga kai. Ba ƙara, ba sauri.

Da ta dawo na yi kamar zan zubar da ruwan wanke hannu, na leƙa. Ɗan rami ne, an yi masa daɓen siminti da murfin katako mai mariƙi. An kewaye da zana sabuwa, ba ƙofa, sai lanƙwasa. An kafa turken itace a gefe, daidai inda mai ciwon gwiwa za ta dafa ta tashi. Ga gwangwanin toka, ga sabulu a kan dutse. Zanar ko launi ba ta sauya ba.

Na ja ƙanwata madafa.

"Yaushe anka yi wancan?"

"Kafin in zo ɗaukar ta."

"Su duba-gari naku ba su ce a yi a waje ba?"

"Namu da mata suka zo, su ka shiga gida. Wancan na gaba shi ne na kowa. Wanga nata ne ita ɗaya."

"Wato kin sani."

"Ta faɗa min a waya, ranar da kika kira kina yabon ƙyauren ƙarhe. Ta ce ita da ta ratsa gaban surukinta da buta a hannu, ga maza cike da zaure, ga ƙyaure na shela, gara ta bar ci da sha."

"Kuma ba ki iya buɗe baki ki gaya min ba?"

"Ta hana ni. Ta ce kar ki ji, kar mijinki ya ji."

Na tsaya ina kallon tukunyar da ke kan wuta. Ɗaki ɗaya ke tsakanina da Inna. Ni ke jin tarinta, ni ke jin juyinta. Amma da abu ya matse ta, sai maganar ta tsallake ni, ta tsallake Birnin Kebbi, ta sauka a Kalgo. Na ce, "Da kin ga dama ai da kin raɗa min, in gyara. Amma kin fi son ki haƙa naki ki zo ki ɗauke ta." Ta ce, "Yaya, wallahi ba haka ba ne." Ta faɗa tana murmushi, wanda har yau ban yarda da shi ba.

Na koma Gwandu da niyya ɗaya. Amma yaya mace za ta dubi mijinta ta ce masa uwarta ta gudu ne don kar ya gan ta da buta? Na yi ta kewaye-kewaye. Na ce yara na wahala da nisa. Na ce in an yi baƙi mata ba daɗi. Ya ce, "Wane nisa? Gidan nan har ya zama Legas?" Da na ga ba ya ganewa, na rufe ido na faɗa masa. Ya ajiye almakashi, ya yi salati.

"Subhanallahi! Ni na kori tsohuwa ban sani ba? Ai da na kwashe keken na koma ƙofar maƙwabci."

"A'a, Malam, rufa min asiri. Rami kawai za a yi a baya, shiru-shiru."

Magini ya ce ba a haƙa da damina, ƙasa na ruftawa, sai ruwa ya ɗauke. Haka na zauna ina kallon sama kamar mai shanyar hatsi. Kowa na roƙon ruwa ya kai, ni ina roƙon a yi girbi. Da kaka ta yi aka zo aka auna, nesa da rijiya yadda dattijon nan ya ce, aka haƙa. Na tsaya a kansu da kaina. Na sa aka yi turke biyu, dama da hagu. Na sa aka ɗaga mazaunin yadda ba sai ta durƙusa sosai ba. Maimakon zana aka ja katanga, aka yi mata yaɓe. Na ce in autar ta zo ta gani, ta san akwai bambanci tsakanin yaya da ƙanwa.

Abin da ban lissafa ba shi ne bakin maigida. Mutum ne mai zuciya ɗaya, abin ya dame shi ƙwarai. Duk wanda ya ga ana shiga da bulo ya tambaya, sai ya ba shi labari tun daga farko, yana dukan ƙirji yana cewa laifinsa ne. Majalisa ta ji. Mai shayi ya ji. Har wasu maza biyu a layin suka gano dalilin da ya sa tsofaffinsu ke ramewa, su ma suka kira magini. Aka yi ta sa wa Inna albarka, wai ta buɗe wa unguwa ido. Matar maƙwabcinmu kuwa 'yar Diggi ce, ta je gida ganin dangi, ta biya ta Kalgo don ta yi wa Inna barka.

Ni ban san ta riga ni ba. Na isa da turmin atamfa da man shanu, na gaishe da Inna, na ce wa ƙanwata a gabanta, da ƙarfi don a ji, "An gama gyaran gida. Na zo mayar da aron da kika ɗauka."

Inna ta gama ɓare gyaɗar da ke hannunta. Sannan ta juya wajen ƙanwata.

"Ki tambaye ta, da wane ido za ni shiga garin nan? An ce har masallaci an yi zancen. Duk wanda ya gan ni ya san ramin da anka haƙa min. Shi kuma bawan Allah nan, in ya durƙusa gaishe ni, ni na san abin da ya sani, shi ya san na sani."

"Inna, ba wanda zai ce komai," na ce. "Yabon ki suke yi."

"Ki ce mata yabon ne ba ni so."

Na yi magana har bakina ya bushe. Na ce zan sa a fasa ƙofa ta baya, ba sai ta bi zaure ba. Na ce jikokinta na kuka. Na ce ɗakinta na nan yadda ta bar shi. Ƙanwata ta zauna tana wasa da bakin zanenta, ba ta taya ni da kalma ɗaya ba. Daga ƙarshe Inna ta jawo atamfar ta shafa, ta ce wa bango, "Allah ya yi albarka. An yi ƙoƙari." Iyakar abin da na samu ke nan.

Ƙanwata ta raka ni tasha. Muna tsaye ana cika mota ta ce, "Yaya, ki riƙa zuwa mana. Ɗaki akwai."

Na ce, "Ni za ki yi wa tayin ɗaki wurin uwata?"

Ta ce, "To ya zan ce?"

Na shige mota. Ni ma ban san yadda za ta ce ba.

Inna na Kalgo har yanzu. Layinmu ya yi tsaf, ƙuda ya ragu, an daɗe ba a kwashi yaro zuwa asibiti da gudawa ba, wannan ba zan ɓoye ba. Duba-gari kan zo su zura kai daga zaure su yaba. Ni da ban san hanyar tasha ba, yanzu direbobin Birnin Kebbi sun san ni, har suna ajiye min gaba. In na je, sallama nake yi a bakin ƙofa in jira a ce in shigo. Bana maigida ya nemi ya zuba buhunan gero a ɗakin ƙurya tunda ba kowa ciki. Na ce masa ya nemi wani wuri.